Filin Manoman Kifi: Tarwaɗa ta ƙi zuba ƙwai, karfasa ta ƙi daina haihuwa

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka taru wannan karon kusan duk akan abu ɗaya suke, wato ƙyanƙyasar kifi, da alama wahalar ɗauko 'ya'yan kifi daga nesa da yadda suke mutuwa a hanya ta sa kowa yana son ya iya yin nasa a gida. Na tsamo waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa. Masu tambaya akan abincin kifi da masu tambayar yadda ake banda ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Slm malam dan Allah inada tarwada guda talatin a tankin kankare sunkai shekara daya da wata biyu, akwai maza akwai mata, wasu matan cikinsu yayi tulele da kwai amma har yau ko daya bata zuba ba, wani abokina yace sai na saka musu ciyawa da tukunyar kasa a ciki zasu haihu da kansu. Shin hakane? kuma in allura akeyi wace iri ce kuma ya akeyi. Daga wani matashi a Wudil, jihar Kano.

AMSA: Wa alaikumussalam ƙanena. Abokin nan naka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, ya dai hango abin daga nesa ne. Kai da kake Wudil ga kogi a gabanka, ka tambayi duk wani tsohon masunci zai faɗa maka lokacin da tarwaɗa take haihuwa: farkon damina, in ruwa ya ƙaru ya haura gaɓa ya malale cikin ciyayi da fadamu, da daddare sai ka ji suna ta facal-facal a ruwa marar zurfi, mace ta watsa ƙwai namiji ya bi ya zuba nasa, ƙwan ya manne a jikin ciyawa, shike nan kowa ya kama gabansa ba mai waiwayar 'ya'yan. To wannan ƙaruwar ruwan da sabon ruwan sama da canjin yanayin su ne suke tayar mata da abin. A tankinka na kankare ruwa kullum tsayinsa ɗaya, ƙwan zai yi ya cika ciki amma abin da zai ce masa fito babu. Ko da an yi sa'a wata ta zuba, kifi talatin a wuri ɗaya kafin gari ya waye sun lashe shi tas. Don haka ajiye batun tukunya.

Allura ake yi. Wadda aka fi sani ita ce Ovaprim, akwai kuma Ovulin da Ovatide, duk aikinsu ɗaya, kuma ma'aunin da aka saba shi ne rabin mil, wato 0.5, ga kowane kilo ɗaya na nauyin macen. Ka duba takardar jikin kwalbar dai kafin ka zuƙa, ka duba ranar lalacewarta, kuma kar ka sayi wadda ka tarar an shanya a rana a kan tebur. Kafin zuwan waɗannan alluran wani ɗan ƙululu ake cirewa a ƙarƙashin ƙwaƙwalwar wani kifin a niƙe shi a ruwan gishiri a yi wa macen, dabarar tun shekarun 1930 aka fara ta a ƙasar Burazil, har gobe akwai masu yi kuma yana aiki, sai dai ga sabon shiga ta kwalba ta fi sauƙi.

Amma tsaya tukuna, kafin sirinji akwai zaɓen uwa. Ba duk mai babban ciki ce ta nuna ba, wata kitse ne kawai. Ka ɗauko ta ka rufe mata kai da jiƙaƙƙen tawul don ta natsu, ka taɓa cikin, in ya yi laushi kuma ka ɗan matsa a hankali ka ga 'yan ƙwayaye sun leƙo, girmansu ɗaya, launinsu kore-kore mai haɗe da ruwan ƙasa, to wannan ta yi. In fari-fari ne ko wasu manya wasu ƙanana mayar da ita. Bambance namiji da mace kuwa ba wuya, ka juya cikinsa sama, namiji yana da wani ɗan tsiro mai tsini a bayan dubura, na mace a zagaye yake kuma a kumbure. Ka daina ba su abinci kwana ɗaya kafin aikin, in ba haka ba kashi zai biyo ƙwai ya ɓata maka kwano.

Allurar a tsokar gadon baya ake yi, ƙasa kaɗan da ƙayar bayan nan doguwa, a karkace ba a tsaye ba, ka tura a hankali ka zare ka ɗan murza wurin da yatsa. Daga nan sai ka sa ta ita kaɗai a baho ko rabin durom da ruwa mai kyau ka rufe da raga ka ɗora abu mai nauyi, don wallahi tsalle suke, mutane da yawa sun wayi gari sun tarar da uwar kifinsu a ƙasa ta bushe. Kar ka haɗa biyu a wuri ɗaya, za su yi wa juna jina-jina.

Awa nawa za ka jira? Nan ne mutane suke son a ba su lamba ɗaya su haddace, alhali zafin ruwa ne yake yanke hukunci. In ruwan yana wajen digiri 27 zuwa 28, lissafa awa 10 zuwa 12. In ya fi haka ɗumi zai zo da wuri, in da sanyi zai ja lokaci sosai. Shi ya sa yawanci ake yin allura da daddare a tatsi ƙwan daga cikin macen da safe. Tun kafin lokacin ya cika ka riƙa leƙawa, in ka ga ƙwai ya fara zuba a ƙasan bahon ko ka taɓa cikin ya zubo da kansa ba sai ka danna da ƙarfi ba, lokaci ya yi. Ka yi gaggawa ƙwan bai gama sakewa ba, ka makara ya wuce nuna, duka biyun asara ne.

Namijin kuwa sai dai haƙuri, yanka shi ake yi. Yadda Allah ya halicci tarwaɗa ba a iya tatso maniyyinsa ta matsa ciki irin yadda ake yi wa wasu kifayen, dole a farke cikin a ciro jakunkunan nan guda biyu da suke kwance a jikin ƙashin baya. Mai kyau za ka gan shi fari kamar madara, gefensa da yanka-yanka a cike. In ka tarar da shi siriri ja-ja to babu komai a ciki, shi ya sa nake cewa ka ajiye maza biyu ko uku a kusa, kuma ka buɗe namijin ka tabbatar kafin ka fara tatsar macen. Akwai ƙwararrun da suke yi masa tiyata su yanki wani ɓangare su ɗinke ya ci gaba da rayuwa, wannan ba naka ba ne yanzu. Goge jinin da tsumma mai tsabta, ka tsattsaga gefen da sabuwar reza, ka matse shi cikin ɗan kofi mai ruwan gishirin asibiti, irin wanda ake ƙarin ruwa da shi mai kashi 0.9, kowane kemis akwai shi.

Ga inda gizo ke saƙar: ruwa. Maniyyin nan da zarar ruwan sha ya taɓa shi ya farka, kuma ƙarfinsa bai fi na minti ɗaya ba. Ƙwan ma da ruwa ya taɓa shi ya fara kumbura yana rufe ƙofa. Saboda haka kwanon roban da za ka tatsa a ciki ya zama busasshe ƙayau, hannunka a bushe, jikin kifin a goge. Mutum biyu ake so, ɗaya ya riƙe kai ɗaya ya riƙe wutsiya yana shafa cikin daga sama zuwa ƙasa, da ka ga jini ya fara biyowa ka tsaya. Zuba maniyyin akan ƙwan, juya da cokalin roba ko gashin kaza mai tsabta, sannan ka ƙara ruwa mai kyau ka ci gaba da juyawa kamar minti ɗaya, sai ka yi maza ka baza shi akan ragar gidan sauro da ka shimfiɗa a cikin ruwan ƙyanƙyasa, shimfiɗa ɗaya, kar wani ya hau kan wani. Mace mai kilo ɗaya in ta cika tana iya ba ka ƙwai dubu hamsin zuwa sama, don haka kar ka yi wa biyar allura rana ɗaya kana da tanki ɗaya. Fara da ɗaya. In ruwa da ɗumi, wajen awa 24 za ka ga abubuwa suna motsi suna faɗawa ƙasa ta hujin ragar. Macen da ka tatsa ka ware ta ka ciyar da ita da kyau, bayan wata biyu zuwa uku za ta sake yi maka.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Sau biyu ina gwada hacin, wato kyankyasa, a watan Disamba da Janairu duk kwan sai yayi fari yayi wari ko daya baya fashewa, alhali da zafi nayi kuma nasamu. Wani yace min hannu aka samin. Meye gaskiyar lamarin? Daga wani ma'aikaci a Bukuru, jihar Filato.

AMSA: Yallaɓai ba wanda ya sa maka hannu, hunturu ne, kuma hunturun ma na Jos. Ka je ka sayi ma'aunin zafi, ɗan ƙaramin nan na gilas, ka tsoma a ruwanka da ƙarfe huɗu na asuba ka ga abin da zai nuna maka. Ƙwan tarwaɗa yana son ruwa tsakanin digiri 27 zuwa 30. In ya sauka zuwa 20, ƙwan da ya kamata ya fashe cikin kwana ɗaya sai ya haura kwana biyu yana zaune, kuma duk tsawon zaman nan wanda ya mutu yana ruɓewa, wani farin gansakuka mai kama da auduga yana kama shi yana tsallakawa kan masu rai. Warin da ka ji ke nan. Kuma tun daga kan uwar matsalar take farawa, in ta kwana cikin ruwan sanyi ƙwanta ba ya nuna da kyau, sannan awannin jiran allura su ma sun canza, kai kuma ka tatsa da lissafin lokacin zafi.

Abin yi, ɗakin ƙyanƙyasar ya zama rufaffe, ka toshe tagogi da kafofin iska da leda mai kauri, tankin ma ka lulluɓe shi amma ka bar ɗan wurin shan iska. In kana da rijiyar burtsatse ka lura ruwan da ya fito daga ƙasa kai tsaye yana da ɗumi, wanda ya kwana a tankin sama ne yake yin ƙanƙara, don haka ko dai ka naɗe tankin saman da buhuna ko ka riƙa buga sabo. Akwai hita ta cikin ruwa mai kashe kanta in zafin ya kai, in kana da wuta ko sola ita ta fi. Wasu suna dafa ruwa su sirka a tankin ajiya, yana yi, amma fa a tankin ajiya, ba a kwara ruwan zafi kai tsaye kan ƙwai ba, hawa da saukar zafi farat ɗaya ya fi sanyin kansa kisa. Masu kunna gawayi a rufaffen ɗaki kuma su kwana a ciki suna gadin kifi, don girman Allah ku daina, hayaƙin nan da ba a gani yana kashe mutum cikin barci.

Wani abu kuma, ko da zafi ne dole wasu ƙwayayen su yi fari, waɗanda maniyyi bai same su ba ke nan. In kaɗan ne ba komai, da an gama ƙyanƙyashewa ka ɗaga ragar da su gaba ɗaya ka fitar, sauran da suka zuba ƙasa ka zuƙe da siririn tiyo. In kuma fiye da rabi ne suka yi fari tun awannin farko, koma ka binciki namijinka ko lokacin tatsarka.

Ni a ganina sabon shiga ya haƙura da watannin nan biyu, ya koyi hannu daga Maris zuwa damina. Na san dalilin da ya sa kowa yake kwaɗayin hunturu, lokacin ne 'ya'yan kifi suke wuya kuma suke kuɗi, amma masu cin wannan kasuwar sun riga sun gyara ɗakunansu. Jiharku kuwa ba baƙuwar harkar ba ce, gonar kifi ta Panyam da ke Mangu tun shekarun 1950 take.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni matsalata ba kyankyasa bace, suna fashewa kamar me har bakin tanki yayi baki, amma daga kwana biyar zuwa goma sai su fara mutuwa, wadanda suka rage kuma kullum raguwa suke bana ganin gawa. Karshe dubu nawa sai na tashi da dari uku. Ina basu gwaiduwar kwai da madarar gari. Daga wani dan bautar kasa a Birnin Kebbi.

AMSA: Wa alaikumussalam. Wannan tambayar ita ce ya kamata kowa ya fara yi, amma kowa allura yake tambaya. Allura yaro ma in ya gani sau ɗaya zai yi. Sati biyun farko ne suke raba mai ƙyanƙyasa da mai ɓarnar kuɗi.

Matsalarka biyu ce kuma daban-daban suke. Ta farko mutuwar kwana biyar zuwa goma, wannan ruwa ne da abinci. Kwana ukun farko ba a ba su komai, suna ɗauke da guzurinsu a ciki, 'yar jakar gwaiduwar nan da kake gani a ƙarƙashinsu, duk abin da ka zuba a lokacin ruɓewa kawai zai yi. Sai ta shanye, ka ga sun fara yawo suna neman abu, sannan ka fara. Madarar gari kuwa ka bar wa masu shayi. Gwaiduwar ƙwai mutanen da sun yi amfani da ita don babu wani abu, amma tana ɓata ruwa cikin 'yan awanni. Nemi atimiya, ƙwan wasu ƙananan halittun ruwan gishiri ne da ake sayarwa a gwangwani, akwai wadda aka ɓare ana zubawa kai tsaye, masu sayar da kayan kifi sun san ta. Tana da tsada amma ɗan kaɗan ake sawa. Bayan kamar sati ɗaya sai ka fara haɗa musu da garin abincin jarirai na kanti mai lamba 0.2 ko 0.3, wato girman ƙwayarsa a milimita, a hankali ka janye atimiyar, in sun ƙara girma ka koma 0.5. Ɗan mitsitsi kowane awa uku zuwa huɗu, har da dare, don tarwaɗa da dare ta fi ci. In ka ga saura a ƙasa to ka yi yawa.

Sai shara. Kullum safe da yamma ka sa siririn tiyo ka zuƙe kashi da ragowar abinci da gawarwaki daga ƙasan tankin, ka tara a bokiti don ka mayar da masu ran da suka biyo. Ruwa ya riƙa ɗiga yana shiga yana fita ba tsayawa, da raga a bakin mafitar. Ka ce har tankin yana yin baƙi, to wannan ma kansa matsala ce, sun yi yawa, raba su tanki biyu ko uku. Ruwan famfo na gwamnati in da sinadarin kulorin a ciki yana kashe su, sai ya kwana a buɗe. Ruwan burtsatse kuma yana fitowa ba iska a cikinsa, wani ma da tsatsa, ka bar shi ya zubo daga sama yana fantsama kafin ya isa gare su. Ka rage musu haske, duhu suke so. Kuma bokiti da tiyo da ragar ɗakin nan kar su je tankin manya su dawo, ka riƙa wanke su da ruwan gishiri mai kauri.

Ta biyu, raguwa ba gawa. Gawar tana cikin 'yan'uwansu. Tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta tun tana ƙarama, kuma a kowace ƙyanƙyasa akwai wasu da suke yin wuf su fi saura girma, su ake kira shuta. Guda ashirin a cikinsu sun isa su gama maka da dubbai kana tsaye kana zargin maƙwabta. Daga sati na biyu zuwa na uku ka fara tacewa, manya gefe ƙanana gefe, kuma ka maimaita duk sati, da sassafe kafin rana ta yi zafi, a hankali. Yunwa ma tana ƙara musu cin juna, in ka yi barci ka tsallake cin dare su ba za su kwana da yunwa ba. In komai ya tafi daidai, sati huɗu zuwa shida sun kai fingalin, wato ƙananan kifi masu tsawon yatsa, na sayarwa.

Wannan aikin ba ya son mai yawo, in ka san za a tura ka wani gari sati guda to kar ka fara sai ka dawo.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni karfasa na zuba a dan kududdufin bayan gida guda dari biyu, yanzu wata takwas sun cika ruwan makil amma duk kanana kamar tafin hannun yaro, abinci kuma sai ci. Maigidana yace asara kawai nakeyi. Ya zanyi su daina haihuwa? Daga wata uwargida a Zariya.

AMSA: Hajiya lafiya lau, sannu da ƙoƙari. Kin ga ikon Allah, na Wudil yana neman yadda kifinsa zai haihu ke kina neman yadda naki zai daina. Karfasa ba ta jiran allura ba ta jiran damina. Namiji ya share ɗan gurbi a ƙasan ruwa, mace ta zuba ƙwai ya bi ta kai, sai ta kwashe su a bakinta ta riƙe har su ƙyanƙyashe su yi ƙwari, wajen kwana goma zuwa sati biyu ba ta cin komai. Ƙwanta ba shi da yawa, ɗaruruwa ne zuwa dubu da wani abu, amma da yake tana gadinsu yawanci suna rayuwa, kuma bayan wata ɗaya ko ɗaya da rabi ta sake. 'Ya'yan su ma wata huɗu zuwa biyar sun fara nasu. To uwa ba ta ci, jikoki sun cika gida, abincin da kika auna don ɗari biyu dubbai ne suke rabawa, ina girma zai fito?

Masu noman karfasa na gaske, irin na ƙasar Masar wadda ta fi kowa noman ta a Afirka, maza zalla suke zubawa, don namiji ya fi saurin girma kuma ba haihuwa. Ana samun su ne ta hanyar ba jariran wani sinadari a cikin abinci na sati uku zuwa huɗun farko, sai kusan dukkansu su tashi maza. Wannan aikin masu hacari ne, wato gidajen ƙyanƙyasar kifi, ban ba ki shawarar ki yi shi a gida ba, sinadarin ba abin wasa da hannu ba ne musamman ga mace. Ki nemi wurin da aka san su ki ce maza zalla kike so.

Na yanzu kuma, ki sa a janye ruwan a kwashe su duka. Manyan ki sayar ko ku ci, ƙananan a soya ko a shanya, wasu ma suna niƙa su a abincin kaji da na tarwaɗa, ba asara ba ce. Ki bar kududdufin ya bushe ƙayau har ƙasa ta tsage, don in 'yan ƙanana suka maƙale a taɓo labarin zai dawo sabo. In kina son ki zaɓi maza da kanki daga cikin waɗanda suka ɗan tasa, ki juya cikin, namiji ƙofa biyu gare shi mace uku, sai dai ido yana kuskure kuma mace biyar in suka kuɓuce sun isa. Shi ya sa wasu suke jefa 'yan tarwaɗa kaɗan a ciki, waɗanda bakinsu bai kai ya haɗiye manyan ba, su riƙa share jariran da aka haifa. Ki gaya wa maigida ya ƙara haƙuri zagaye ɗaya.

TAMBAYA: Wai da gaske ne allura ake yiwa kifin gidan gona shiyasa yake saurin girma? Mu dai a gidanmu an daina saye saboda ance yana hana haihuwa. Daga wata mai karatu a Maraɗi, Jamhuriyar Nijar.

AMSA: 'Yar'uwa wannan maganar ta daɗe tana yawo. Allurar da kika ji muna magana uwar kifi ake yi wa, sau ɗaya, don ta saki ƙwai, ba ta girma ba ce kuma ba ta bin 'ya'yan. Ki yi lissafi ma, mai kifi dubu biyar ya kama su ɗaya bayan ɗaya yana tsira musu allura mai tsada, ina ribar? Girman da kike gani abinci ne mai gina jiki da ake ba su kullum, na kogi kuwa sai ya yi yawo ya samu. Ita uwar da aka yi wa allurar ba a kai ta kasuwa a lokacin, ajiye ta ake yi don gaba.

Inda ya kamata a yi ƙorafi shi ne masu zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai a ruwa kuma su sayar da kifin ba su jira ya fita daga jikinsa ba, da masu jefa mushen kaji ɗanye. Wannan akwai shi kuma ba daidai ba ne. Ki san wurin wanda kike saye.

TAMBAYA: Oga inaso in ajiye shuta din da na tace su zama iyaye tunda sunfi girma, kuma naji ana cewa hetero yafi, shin zan iya hada hetero da hetero? Sannan ina zanje in koyi aikin nan sosai. Daga wani mai gona a Gashuwa, jihar Yobe.

AMSA: Alhaji shuta dai ra'ayi ya bambanta, akwai masu rantsuwa da su, ni ban cika yarda ba. Da yawansu ba wani iri na musamman gare su ba, sun riga saura buɗe baki ne suka fara cin 'yan'uwansu. Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne, shi ne ka ɗauki mace da namiji daga ciki ɗaya ka haɗa, 'ya'yansu ma ka sake haɗawa, bayan zagaye kaɗan sai ka fara ganin masu karkataccen baya da marasa girma da masu mutuwa ba dalili. Matan ka ajiye naka in kana so, mazan ka sayo daga wata gona mai nisa wadda ba daga wurinka suka samo iri ba. Mace ta kai shekara ɗaya, namiji in ya kai ɗaya da rabi ya fi cika. Ka ware musu tankinsu, kar a cunkusa su, abinci mai kyau amma ba na ƙiba ba.

Hetero kuma haɗi ne tsakanin macen tarwaɗa da namijin ramboshi, wanda ku mutanen kogin Yobe kun fi ni saninsa, mai ɗan tudun kitsen nan a baya kusa da wutsiya. Ɗan da aka samu yana girma sosai yana da juriya, shi ya sa masu son manyan kifi suke nemansa, sai dai ya fi tarwaɗa cin 'yan'uwansa. Amma shi na ci ne da sayarwa, ba na iri ba. In ka haɗa hetero da hetero ƙyanƙyasar ba ta kyau kuma abin da ya fito ba ya tafiya daidai, duk lokacin da kake so sai ka koma kan iyayen asali. Shi ramboshin kuma yana daɗewa kafin ya balaga, ka sa wannan a lissafinka.

Batun koyo, akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa ta jihar Neja kusa da madatsar Kainji, da kwalejin koyon aikin kifi ta tarayya duk a New Bussa ɗin, akwai kuma 'yar'uwarta a jihar Borno wadda ta fi kusa da kai. In makaranta ba za ta yiwu ba, nemi mai hacarin da yake aiki da gaske ka roƙe shi ka zauna da shi tun daga daren allura har ranar da za a ƙirga fingalin, ka yi sharar tanki da hannunka, ka tashi cin dare. Bitar kwana ɗaya a ɗakin otal da satifiket ba za ta koya maka zuƙe tanki ba. Ka kuma tambayi yadda ake gina tankin ƙyanƙyasa, to ka turo min girman filin da irin ruwan da kake da shi, rijiya ce ko burtsatse, sai in san abin da zan ce maka.